Babi na Shida: Dattijon Adar da Burin Zaman Makka

A ƙasar Adar, tun daga fadamun Sabon Gida da Madawa har zuwa duwatsun Buza da Keita, kaɗan ne ƙwarai daga cikin dattawanmu suka san abin da ma'aikatan gwamnati ke kira ritaya, domin manomin albasa ba shi da shugaban da zai miƙo masa takardar sallama, ba shi kuma da wata ma'ajiya a Yamai da ke lissafa masa shekarun aikinsa. Abin da ya sani shi ne, wata shekara gwiwa za ta ƙi durƙuso a bakin rijiyar garka, ido ya kasa raba dashe da ciyawa da jijjifi, sai ya kira babban ɗansa ya danƙa masa gandu da rumbu da rudun albasa, shi kuwa ya koma tabarmar ƙofar gida da sahun farko na masallaci. To, a daidai wannan gaɓa, sa'ad da hannu ya saki hauya alhali hankali bai gushe ba, wani tsohon buri yakan farka a zukatan da yawa daga cikinsu, watau su tafi Makka ko Madina tafiyar zama, wadda ta wuce wata guda na alhazai, su ƙare sauran kwanakinsu suna maƙwabtaka da Ɗakin Allah ko da Raudar Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ajali ya riske su a can. Wannan shi ne zaman da malamai ke kira mujawara.

Muna jin labarin tsofaffin Faransa waɗanda ke ɗaukar fanshonsu su tare a Agadir ta ƙasar Maroko, ko a gaɓar tekun Fotugal, suna neman rana da arahar rayuwa. Dattijonmu kuwa yana nufin barin ƙasar araha zuwa ta tsada, daga zafi zuwa zafin da ya fi shi, kuma ya san haka sarai. Abin da ke jansa ya ji shi tun yana yaro a bakin malaminsa: cewa salla ɗaya a Masallacin Harami tana daidai da salla dubu ɗari a waninsa, salla a Masallacin Annabi ta fi dubu, kuma an ruwaito kwaɗaitarwa ga wanda ya sami ikon mutuwa a Madina, saboda ceton da aka yi wa mutanenta alkawari. Wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan tsoho yana maganar maƙabartar Baƙi'a, muryarsa na rawa, ba zai yarda a raina wannan buri ba, ni ma ban yarda ba. Sai dai ƙaunar da nake yi wa masu shi ce ta sa nake ganin wajibi ne a faɗa musu gaskiyar yadda hanyar ta koma a zamaninmu.

Kakanninmu sun yi wannan tafiya, kuma ba su saɓa wa fiƙihunsu ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda muka gada a cikin Risala da Muhtasar, istiɗa'ar da ke wajabta Hajji ita ce mutum ya iya isa ba tare da matsananciyar wahala ba, yana amintacce a kan ransa da dukiyarsa, ko da kuwa da ƙafa zai taka, ko da guzurinsa sana'ar hannunsa ce wadda zai riƙa yi a hanya. Da wannan fatawa ce wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, malami ya ɗauki allo da tawada, suka nufi gabas: daga Adar zuwa Katsina da Kano, daga nan Barno, a haye zuwa Fallomi wadda yau ake kira Injamena, a bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a wuce Ubayyid har bakin Nilu, sa'an nan a gangara Sawakin a jira jirgin ruwan da zai ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin inda guzuri ya ƙare nan ake yada zango, a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi aure, a haihu, a binne wanda kwanansa ya ƙare, kana a ɗaura kaya a ci gaba. Wanda ya bar gida da baƙin gemu yakan isa Arfa da furfura, kuma idan ya isa, sau da yawa babu sauran ƙarfin komowa, babu kuma wanda zai tambaye shi takarda.

Zuwan Nasara ya ƙara wa wannan hanya jama'a. Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da ɗimbin mutane, aka tare shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sannar. A namu ɓangaren kuma, harajin Faransawa da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, sun sa mutane da yawa sun ga barin ƙasa ya fi zamanta. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin kaɗa na Jazira suka buɗe baki suna neman hannuwa, sai mahajjata suka zama ƴan ƙodagonsu, wasu na shekara biyu, wasu na har abada. Waɗanda suka ƙetare teku su ne suka cika unguwannin Makka irin su Jarwal da Misfala da Shara Mansur, kuma jikokinsu ne Hausawi da Fallata da Barnawi da ake jin sunayensu yau a cikin ƴan ƙasar Saudiyya.

A cikin masu zaman akwai manyan malamai waɗanda zamansu ya zama alheri ga duniya. Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi daga Katsina, ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, ya tsira daga Burmi ya sauka Madina, ya zama madogarar mutanen yammacin Afirka wajen fatawa da karatu har rasuwarsa a 1931. Amma mu mutanen ƙasar Madawa muna da wani misali da ya fi kusa da mu, wanda ya kamata a ce kowane yaron makarantar allo ya san shi, shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya je Hajji sau biyu, ya daɗe a ƙasashen gabas, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga hannun Murtala az-Zabidi mai littafin Tajul Arus. Da ya so ya zauna a can, babu ƙofar da za ta rufe masa. Duk da haka ya komo da ilminsa, ya karantar, ya yi wa'azi mai zafi, ya rasu a ƙasar nan, kabarinsa yana kusa da Madawa. Kuma a tarihinsa da almajirinsa akwai wata aya ga mai hankali: Shehu ya bi shi har Agadas, da niyyar Malam ta tsaya a kan wucewa Makka sai Shehu ya juyo gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa a kan wannan tafiya ba. Shehu Usmanu, duk da begen Annabi da ya cika ƙirjinsa, ya rasu a Sakkwato a 1817 bai taka Hijaz ba. Hakkin wani mutum ɗaya da ke gida ya isa ya mayar da shi daga hanya.

Su ma magabata ba su haɗu a kan cewa mujawara ta fi komowa ba. An ruwaito Imamu Abu Hanifa ya karhanta zaman dindindin a Makka, kuma Imamu Gazali ya kawo dalilan masu wannan ra'ayi a cikin Ihya: tsoron kada sabo ya rage kwarjinin Ɗakin a zuciya, da cewa rabuwa ita ke hura wutar shauƙi, da kuma tsoron aikata saɓo a wurin da zunubi ke da nauyi. An kuma ruwaito Sayyidina Umar yakan umarci mahajjata, in sun gama ibadarsu, kowa ya koma ƙasarsa. Wasu malamai sun so zaman, ga wanda ya amince da kansa zai kiyaye alfarmar wurin. Saɓani ne na rahama; abin lura kawai shi ne babu wanda ya ce farilla ne, alhali ciyar da iyali da biyan bashi farillai ne da babu saɓani a kansu.

Yanzu sai mu zo ga zamaninmu, wanda jirgin sama ya mayar da tafiyar shekara bakwai ta zama ta sa'o'i kaɗan daga Yamai, amma ya zo da abin da kakanninmu ba su sani ba, watau fasfo da biza da ranar fita. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar kujera dubu ga kowane mutum miliyan, kuma rabon Nijar a shekarun nan bai kai 16,000 ba, kuɗin kujera kuwa ya haura sefa miliyan 3. Bizar Hajji ta aikin Hajji ce kaɗai, ta Umra kuma tana da wa'adinta. Baƙo ba ya zama a Saudiyya sai da igama, igama kuwa tana rataye da kafili wanda ya ɗauke ka aiki, ko da ɗa mai halattaccen zama wanda ya cika sharuɗɗan ɗaukar nauyin mahaifinsa. To wane kafili ne zai ɗauki mai shekara saba'in aiki? Gaskiya ne a 2019 hukumar ƙasar ta buɗe wata igama ta musamman wadda ba ta bukatar kafili, amma kuɗin ta dindindin riyal 800,000 ne, fiye da sefa miliyan 100, abin da ko babban dillalin albasa na Galmi sai ya yi dogon tunani kafin ya taɓa. Saboda haka hanyar da ta rage wa talaka ita ce wadda kowa ya sani ba a kuwa faɗinta da ƙarfi: a shiga da bizar Umra, wa'adi ya cika a ƙi fita, a ɓace cikin unguwannin takari.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya nan ya dubi wannan rayuwa da idon basira, ya ɗora ta a kan tsoho, kada ya ɗora ta a kan saurayi ɗan ci-rani mai ƙafar gudu. Wanda ba shi da igama ba ya kama hayar ɗaki da sunansa, sai ya raɓa a ɗakin wasu, mutum shida ko takwas, sau da yawa a kan tudun da hawansa ke cin numfashi. Ya bar gida domin ya yi salloli biyar a Harami, ga shi yanzu yana auna kowace fita da tsoron askarawa, har ya wayi gari yana salla a ɗaki, Ka'aba na nesa da shi tafiyar rabin sa'a. Abincinsa yana hannun ɗan'uwan da shi ma a ɓoye yake, ko a hannun masu sadaka, sai mutumin da a Sabon Gida baƙi ke cin tuwo a zaurensa ya koma mai miƙa hannu a bakin titi. In ciwon suga ko hawan jini ya tashi, waɗanda su ne abokan tsufa, zuwa asibiti ya zama tona kai. Tun daga kamen da aka tsananta a ƙarshen 2013, da wanda aka sake ɗaurawa a 2017, ana tara waɗanda aka kama a gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki zanen yatsunsu, a sa su jirgi, a kuma hana su komowa na shekaru; ga dattijo, wannan hani yana iya zama na sauran rai, har Hajjin halal ɗin ma ya kuɓuce masa. Unguwannin Jidda da suka daɗe suna rufa wa mutanenmu asiri, irin su Karantina da Sabil da Gulail, an rushe su a 2021 da 2022. A Hajjin 2024 kuma, da zafi ya haura daraja 50, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari nasu marasa izinin Hajji ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana babu tanti babu mota, da yawansu kuwa tsofaffi ne da masu ciwo.

Na san amsar da dattijo zai bayar, domin na sha jinta: "Ai mutuwar nake nema, yaro. Allah dai ya sa ƙasata tana can." Allah ya ba ka yawan rai, Baba, babu mai jayayya da kyawun niyyarka, amma Alƙur'ani ya sanar da mu cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta, kuma mun ga wanda ya shekara goma yana jiran ajali a Makka aka kamo shi ya zo ya cika a gida, mun ga wanda ya je na kwana arba'in Allah ya karɓe shi a Mina. Wurin kwanciya ƙaddara ce, ba a sayenta da ɓuya. Abin da ke hannun bawa shi ne alkawarin da ya sa wa hannu ranar da ya karɓi biza, kuma cika alkawari umarni ne da bai keɓe hukuma ba.

Su ma waɗanda suka zauna a Sudan, zamansu bai ƙare da kwanciyar hankali ba. A watan Yuli na 2022, bayan fiye da shekara ɗari da kafa Mai Wurno, rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a kan ko Hausawa suna da hakkin sarautar gargajiya da mallakar ƙasa, aka kashe ɗaruruwan mutane kafin shekara ta fita. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya bi ta Jazira da Sannar ya tarwatsa garuruwan da jikokin mahajjata suka gina. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba su ce ƙasar da ya je za ta karɓe shi ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika dubawa ba, shi ne abin da tafiyar ke bari a baya. Kuɗinta ba daga sama suke faɗowa ba: ko a sayar da shanu, ko a ba da garkar fadama jingina, garkar da ita ce ke riƙe da gida a shekarar da hatsi bai yi ba, kuma kowa a ƙasar nan ya san jinginar da ta daɗe takan rikiɗe ta zama sayarwa. Sa'an nan ga uwargida, wadda ta yi shekara arba'in tana daka masa fura, an bar ta ba saki ba zama; nafaƙarta tana wuyansa ko yana Makka ko yana Madawa, kuma in labarinsa ya yanke, hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabarmu shi ne ta kai ƙara ga alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, kana ta yi takaba. Ga ƴan mata da ba a aurar ba, ga ƙananan yaran amarya, ga gādo da ba ya rabuwa muddin ba a tabbatar da mutuwa ba, alhali wanda ya rasu babu takarda a jikinsa ba kullum ne labarinsa ke isowa gida ba. An ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tozarta wanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Kuma ban da iyali, gari ma yana da hakki: a ƙasar da samari ke watsewa Abijan da Legas da Libiya da zarar an gama girbi, dattijo ne ke sanin iyakar gona, shi ke sulhunta manomi da makiyayi, shi ke karɓar sadaki, shi ke gaba a jana'iza. Garin da tsofaffinsa suka tafi gabas, samarinsa suka tafi kudu, mata da yara aka bar wa shi.

Wasu dattawan kuwa ba Makka suke nufa ba, wurin ƴaƴansu suke tarewa a Ajame ta Abijan ko zangon Kumasi. Wannan ya fi sauƙi, akwai mai kula, akwai asibiti. Sai dai wanda ya tuna korar baƙi da Gana ta yi a 1969, da rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2010, ba zai sayar da gidansa na gida ba.

Ƙofar halal ba ta rufe gaba ɗaya ba, kuma ita nake so a nuna wa iyayenmu. Tun 2022 bizar Umra tana ba mutum damar zama har kwana 90, wanda ya isa dattijo ya yi Sha'aban a Madina, ya yi azumi a Makka, ya yi i'itikafin goman ƙarshe a Harami da fuskarsa a sake, ga kuma falalar da aka ruwaito cewa Umra a Ramadan tana daidai da Hajji wajen lada. Wata uku da mutum zai yi yana shiga ta kowace ƙofa ba ya waiwaye sun fi masa shekara goma na raɓe-raɓe. Wanda ke da fansho, tsohon malamin lakwal ko soja, ya wakilta amintacce a rubuce kafin ya tashi, ya kuma san lokacin da ake neman shaidar cewa yana raye, kada kuɗinsa su tsaya. Kowa kuma, mai fansho da manomi, ya ga likita ya ɗauki maganin da zai kai shi ya komo da shi, ya biya bashi, ya bar wa iyali abincin watannin, ya rubuta wasiyya gaban liman da shaidu biyu, wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, ya faɗi iyakar kowace gona da abin da ke jingine da abin da ke aro.

Kirana ga limamanmu na Juma'a, daga Sabon Gida har Keita, shi ne su sa wannan mas'ala cikin huɗubobin Rajab da Shawwal, lokacin da ake ɗaura niyya, su faɗi falalar Haramaini cikakkiya, su kuma faɗi hukuncin nafaƙa da na alkawari cikakke. Ku kuma ƴaƴa da ke ci-rani, waɗanda kuɗinku ne ke sayen kujerar, idan Baba ya ce a kai shi, ku kai shi, ku sa ɗayanku ya raka shi, ku sayi tikitin zuwa da komowa, fasfonsa kuma ya zauna a hannun ɗan rakiya har ranar da za a sauko Yamai.